Ghul: Ma'anar Sunan da Asalinsa Tsakanin Lugga, Waƙar Jahiliyya da Hadisi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmar "ghul", sunan wata halitta da Larabawan Jahiliyya suka raya tana zaune a hamada. Ta duba tushen kalmar a wajen malaman lugga, da siffar da mawaƙa suka ba halittar, da bahasin malaman hadisi a kan nassoshin da suka ambace ta, sannan ta auna da'awar da ke cewa an aro sunan ne daga tsohuwar Iraƙi. Abin da ta tabbatar shi ne, sunan yana nuni ne ga aiki, wato ɗaukewa ta inda ba a zato, kuma fahimtar hakan ita ce mabuɗin daidaita hadisan da a zahiri suke kamar sun saɓa wa juna.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗalibin da ya karanta Kitabus Salam a cikin Sahihu Muslim zai iske hadisin Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kore ghul tare da wasu camfe-camfen Jahiliyya. Idan kuma ya buɗe Jami'ut Tirmizi, sai ya iske Abu Ayyub al-Ansari yana kai ƙarar wata ghul da ke satar masa dabino, har ma ya kama ta. A nan dole ya tambaya: yaya za a kore abu a wani nassi, sannan a kama shi da hannu a wani? Tambayar ta shafi aƙida, domin tana taɓa imani da gaibu da iyakar abin da aljani ke iyawa. Ta kuma shafi mutuncin Sunna, tun da masu neman tuntuɓe a cikin hadisi da irin waɗannan wurare suke kafa hujja. Amsar tana farawa ne daga kalmar kanta.

2.0 Tushen Kalmar a Wajen Malaman Lugga

Kalmar ta ginu a kan haruffa uku: ghain, waw da lam. Ibn Faris (ya rasu 395H), wanda ya gina littafinsa Maƙayisul Lugga a kan mayar da rassan kowace kalma ga ma'ana guda, ya bayyana cewa wannan tushe yana nuni ne ga yaudara da ɗaukewa ta inda mutum bai sani ba. Daga nan ne aka sami fi'ilin "ghala", wato ya halaka shi ko ya tafi da shi ba zato, da "ightiyal", wato kisan mummuƙe, kalmar da har yau jaridun Larabci ke amfani da ita idan an kashe wani babba a ɓoye. Haka nan "mighwal" sunan wani siririn takobi ne da ake ɓoyewa don a afka wa mutum da shi. Nisan hamada ma Larabawa suna kiransa "ghaul", saboda yana cinye mai ratsa shi ba tare da ya ankara ba.

Ƙamusoshi irin su Sihah na Jauhari da Lisanul Arab na Ibn Manzur (ya rasu 711H) sun faɗaɗa ma'anar har ta haɗa duk abin da ya afka wa mutum ya halaka shi. Mutuwa ghul ce, masifa ghul ce, kuma Larabawa suna da karin magana da ke siffanta fushi da cewa shi ne ghul ɗin haƙuri, domin shi ke tafiya da shi. Akwai kuma reshe na biyu, "taghawwul", wato rikiɗa da sauya kama. Dangantakar rassan biyu a fili take: mai son ya ɗauke mutum ta inda bai zata ba, sai ya zo masa da kamar da ba zai yi shakkarta ba.

Tushen ya zo a Alƙur'ani sau ɗaya tak, a aya ta 47 ta Suratus Saffat, inda aka kore "ghaul" daga giyar Aljanna. Magabata sun fassara ta da ciwon ciki, wasu da ciwon kai, wasu da gushewar hankali. Imam Ɗabari (ya rasu 310H) ya tattaro waɗannan zantuka, sannan ya nuna cewa kowanne yana da fuska, domin "ghaul" a harshen Larabawa shi ne duk abin da ya afka wa mutum ya tafi da shi. Wannan tarjihi yana da muhimmanci ga bahasin nan, saboda ya nuna cewa ma'anar aikin ita ce asali, sunan halittar kuwa reshe ne da ya tsiro daga gare ta.

3.0 Ghul a Tunanin Larabawan Jahiliyya

Mafi cikar bayani na dā a kan wannan halitta yana cikin Kitabul Hayawan na Jahiz (ya rasu 255H). A wurinsa, ghul suna ne na duk wani aljani da ke tare matafiya yana sauya siffa da tufafi, namiji ne ko mace, ko da yake an fi ambatonsa da lamirin mace. Wannan ta'arifi ya dace da abin da lugga ta nuna: ba a ba da tabbatacciyar kama ba, an ba da aiki ne.

Labaran Larabawa sun ƙara mata wasu siffofi. Sun ce tana iya sauya komai na jikinta in ban da ƙafafunta, waɗanda kofaton jaki ne. Sun ce tana hura wuta da dare don matafiyi ya zaci masauki ne, ya bar hanya ya nufe ta. Sun ce sara ɗaya ke kashe ta, idan aka ƙara na biyu sai ta farfaɗo, shi ya sa take roƙon wanda ya sare ta ya ƙara. Mawaƙin Jahiliyyan nan Ta'abbaɗa Sharran yana da waƙar da ya raya a cikinta cewa ya gamu da ghul da dare, ya sare ta, ta nemi ya maimaita ya ƙi, ya kwana a kanta har gari ya waye ya ga muninta. Suna kuma ambaton "si'ilat", wadda wasu suka ce ita ce matsafiyar aljanu, wasu kuma suka ɗauke ta a matsayin wani nau'i na ghul. Daga baya Ƙazwini (ya rasu 682H) ya kawo a Aja'ibul Makhluƙat zancen masu cewa ghul na daga cikin shaiɗanun da aka jefa da yula lokacin da suka je satar ji, wanda ya faɗo a tudu ya zama ghul. Wannan hikaya ce da ba ta da nassi ingantacce, sai dai tana nuna yadda aka yi ƙoƙarin sama wa tsohon labari gurbi a cikin sabon tunani.

Abin lura shi ne, Larabawan da kansu suna amfani da sunan a matsayin misali. Imru'ul Ƙais ya kamanta kaifin makamansa da haƙoran ghul, alhali ba wanda ya taɓa ganin haƙoran. Da wannan baiti ne Abu Ubaida Ma'amar ɗan Musanna ya amsa tambayar da aka yi masa a majalisar waziri Fadlu ɗan Rabi'u a Bagadaza, a kan dalilin da ya sa aya ta 65 ta Suratus Saffat ta kamanta 'ya'yan itaciyar Zaƙƙum da kawunan shaiɗanu, alhali mutane ba su san kawunan ba. Ya ce Allah Ya yi wa Larabawa magana ne gwargwadon salon zancensu, kuma an ruwaito cewa wannan tambaya ce ta zaburar da shi ga wallafa Majazul Ƙur'an. Haka nan Ka'abu ɗan Zuhairu, a ƙasidarsa Banat Su'ad wadda Ibn Hisham ya kawo a Sira, kuma wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ya kamanta rashin tabbatar Su'ada a kan hali guda da rikiɗar ghul. Ƙarnoni bayan haka, sunan ya zama misalin abin da ba ya samuwa, har aka shahara da lissafa shi tare da tsuntsuwar Anƙa'u da amintaccen aboki a matsayin abubuwa uku da ba a samu.

Jahiz ya kuma naƙalto daga malaminsa Nazzam bayanin yadda waɗannan labarai suka samo asali. A ganinsa, wanda ya daɗe shi kaɗai a cikin daji, ba abokin hira ba aikin yi, kewa kan kama shi, tunani ya yi masa yawa, har ya ji ƙaramin motsi kamar babba, ya ga abin da babu. Sai ya saka abin a waƙa, yara su tashi da ita, tsoron ya daɗa kafuwa, maruwaita masu son abin mamaki kuma su yi ta ƙari. Mas'udi ya kawo makamancin wannan a Murujuz Zahab. Bayanin yana warware kaso mai yawa na hikayoyin, amma ba ya zama hujjar kore samuwar aljanu, wadda ta tabbata da Alƙur'ani da Sunna. Nazzam Mu'utazile ne, kuma ana karɓar abin da ya dace daga maganarsa a bar saura.

4.0 Ghul a Cikin Hadisi

Nassoshin da suka ambaci ghul sun kasu gida uku. Na farko shi ne na korewa, wato hadisin Jabir a Sahihu Muslim, kuma Abu Dawud ya ruwaito korewar daga Abu Huraira. A ɗaya daga cikin hanyoyin Muslim, Abuz Zubair, wanda ya karɓo hadisin daga Jabir, ya fassara ghul ɗin da aka kore da cewa ita ce mai rikiɗar nan. Wannan tafsiri ne daga maruwaicin hadisin, kuma yana da nauyi.

Na biyu shi ne hadisin Abu Ayyub da Tirmizi ya ruwaito ya ce hasan ne garib. Ghul tana zuwa ma'ajiyar dabinonsa tana ɗiba; ya kama ta ta yi rantsuwar ba za ta dawo ba, ta dawo; a karon ƙarshe ta fanshi kanta da sanar da shi falalar Ayatul Kursiyyi, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaskata maganar tare da bayyana cewa ita maƙaryaciya ce. Ƙissar ta yi kama da ta Abu Huraira a Sahihul Bukhari lokacin da aka wakilta shi tsaron zakkar Ramadan, sai dai a can an kira ɓarawon da sunan shaiɗan. Aiki iri ɗaya, suna biyu: wannan ya nuna cewa a bakin sahabbai "ghul" laƙabi ne na shaiɗanin da ya zo a wata kama ya ɗauki abu a ɓoye.

Na uku shi ne umarnin gaggauta kiran salla idan ghul ta rikiɗa ga matafiyi. Imam Ahmad ya ruwaito shi ta hanyar Hasanul Basri daga Jabir, kuma malaman illa sun yi magana a kan isnadin saboda Hasan bai ji daga Jabir ba. Amma akwai asar na Sayyidina Umar da Ibn Abi Shaiba ya ruwaito, wanda Ibn Hajar (ya rasu 852H) ya inganta isnadinsa a Fathul Bari. An ambaci ghul a gabansa, sai ya bayyana cewa babu mai iya sauya siffar da Allah Ya halicce shi a kanta, sai dai aljanu suna da matsafa kamar yadda mutane suke da su, wanda ya ga haka ya yi kiran salla.

Malamai sun bi hanyoyi uku wajen daidaitawa. Imam Nawawi (ya rasu 676H) ya kawo biyu a sharhin Muslim, kuma Ibnul Asir (ya rasu 606H) ya riga shi ambaton su a Nihaya. Ta farko, wadda Nawawi ya jingina wa jumhur, ita ce Annabi ya rushe abin da Larabawa ke rayawa na wata halitta a hamada mai rikiɗa tana ɓatar da mutane tana halaka su. Ta biyu ita ce ba samuwar aka kore ba, an kore ikon da aka jingina mata ne, wato ba ta iya ɓatar da kowa. Hanya ta uku ita ce ta Ɗahawi (ya rasu 321H) a Mushkilul Asar, inda ya ga yiwuwar abin ya kasance da farko, sannan Allah Ya ɗauke shi daga bayinsa. Wannan ta ƙarshe tana buƙatar sanin wanne nassi ne ya gabata, kuma asar ɗin Umar, wanda ya zo bayan wafatin Annabi, bai taimake ta ba.

Idan aka koma ga lugga, sai a ga hanyoyi biyun farko ba su yi nisa da juna ba. Tun da sunan yana nufin mai ɗaukewa ta inda ba a zato, kore shi kore wannan aikin ne a matsayin iko mai zaman kansa. Siyaƙin hadisin yana ƙarfafa haka, domin a cikinsa aka kore yaɗuwar cuta, alhali a wani hadisin an hana haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, kuma malamai sun fahimci cewa abin da aka kore shi ne ƙudurce cewa cuta na tasiri da kanta ba da ƙaddarawar Allah ba. Saboda haka ghul ta mawaƙa, mai kofaton jaki da mutuwa da sara ɗaya, ba ta da asali. Shaiɗanin da ke iya ruɗin ido ya tsorata mutum kuwa, nassi bai kore shi ba, ya dai nuna rauninsa: sahabi ya kama shi, kuma ambaton Allah na korar sa.

5.0 Da'awar Aro Daga Tsohuwar Iraƙi

Wasu masu bincike na zamani sun danganta kalmar da "gallu", sunan wani nau'in shaiɗanu a rubuce-rubucen Akadiyawa na tsohuwar Iraƙi, wanda su ma suka karɓo daga Sumeriyawa. A labarin saukar Inanna zuwa duniyar matattu, waɗannan halittu ne suka kama Dumuzi suka tafi da shi. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da kamannin lafazi, da kamannin aiki, da kuma hulɗar kasuwanci tsakanin Jazirar Larabawa da Iraƙi.

Hulɗar tabbatacciya ce, amma da'awar tana da rauni ta fuska uku. Ta farko, sautin "g" na Akadiyanci idan ya shigo Larabci jim yake komawa, kamar yadda "naggaru", wato kafinta, ta zama "najjar". Da "gallu" ta shigo ta wannan hanya, da an sa ran jin ta da jim. Ta biyu, kalmar Larabci tana da cikakken dangi a cikin harshen, da fi'ili da masdari da sunan makami, dukkansu a kan ma'ana guda, kuma kalmar da ke da irin wannan dangi ba ta buƙatar a nemo mata uwa a waje. Ta uku, gallu 'yan aike ne na duniyar matattu masu kamawa da ƙarfi, ghul kuwa makaminta yaudara ce, mazauninta kuma hanyar matafiya. Kamannin lafazi shi kaɗai ba ya tabbatar da nasaba tsakanin kalmomi.

6.0 Tafiyar Sunan Zuwa Turai

Sunan ya isa Turai ta ƙofa biyu. Ta farko ilimin taurari ce. Girkawa sun siffanta wani tauraro a matsayin kan Medusa, halittar almararsu mai gashin macizai, sai masu tarjama zuwa Larabci suka sa "ra'asul ghul", kuma da wannan suna Abdurrahman as-Sufi ya ambace shi a littafinsa na taurari a wajajen shekara ta 964 Miladiyya. Daga nan Turawa suka sami "Algol". Hasken wannan tauraro yana raguwa ya dawo a duk ƙasa da kwana uku, abin da John Goodricke ya auna a 1783, shi ya sa wasu ke cewa don rikiɗarsa Larabawa suka kira shi haka. Abin da tarihi ya tabbatar dai shi ne tarjama ce ta sunan Girkanci.

Ƙofa ta biyu ita ce tarjamar Alfu Laila wa Laila zuwa Faransanci da Antoine Galland ya wallafa tsakanin 1704 da 1717. A cikin labarin Sidi Nu'uman, wanda ba ya cikin rubutun Larabcin da ke hannun Galland, ya ji shi ne daga bakin wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab a 1709, an nuna ghul a maƙabarta tana cin gawa. Wannan siffa ce ta kafu a Turai, ta shiga Ingilishi ta littafin Vathek na William Beckford a 1786, kuma ita ce finafinai ke yaɗawa a yau. Ɗalibin da ya ɗauko wannan hoto ya ɗora a kan hadisin Jabir ya fassara maganar ƙarni na bakwai da tunanin ƙarni na sha takwas.

Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu a bakin wasu masu wa'azi, cewa kalmar "alkohol" daga "al-ghaul" ta Suratus Saffat take. Asalinta "al-kuhl" ne, wato kwalli. Turawa sun fara amfani da ita ga duk gari mai laushi ƙwarai, daga baya a ƙarni na 16 aka juya ta ga abin da aka tace daga giya. Gaskiya ne wasu masanan Sham na zamani sun zaɓi "ghaul" ta zama sunan wannan sinadari a Larabci, amma wannan sabon isɗilahi ne. Haramcin giya ya tabbata da nassi, ba ya buƙatar a tallafe shi da tushen kalma da bai inganta ba.

7.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa "ghul" kalma ce ta Larabci da ta tsiro daga ma'anar ɗaukewa ba zato. Larabawan Jahiliyya suka raɗa ta wa abin da suke tsoro a hamada, mawaƙa suka yi masa siffa, Musulunci ya rushe ikon da aka jingina masa ba tare da kore samuwar aljanu ba. Wannan yana da amfani kai tsaye ga mai fassara hadisi zuwa Hausa. Idan ya ce "dodo", ya kawo halittar tatsuniya wadda aka fi sani da girma da haɗiye mutane. Idan ya ce "fatalwa", ya shigo da batun matattu wanda babu shi a asalin kalmar. Idan kuma ya ce "aljani" kawai, sai hadisin Jabir ya koma kore aljanu, abin da ya saɓa wa Alƙur'ani. Abin da ya fi aminci shi ne a bar kalmar yadda take, a bi ta da bayanin cewa ita ce abin da Larabawa ke rayawa na aljanin da ke rikiɗa ya ɓatar da matafiyi ya halaka shi. Allah ne Mafi sani.